Ƙwayar Tasha da Na Zuba a Masai

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ɗora mana wannan ciwo kuma Ya sauke mana shi. Saboda matan 'yan lodi da matan direbobi na zauna rubuta wannan, don na san abin da ke cikin aljihun mazansu shi ne ya taɓa zama a aljihun nawa.

Sunana Hajara. Ina koyarwa a wata firamare a Daddara, amma a cikin Jibiya muke zaune. Maigidana Haruna, wanda nake ce wa Malam, ɗan lodi ne a tashar bakin boda. Motocin Nijar su zo da aya da dabino, su Malam su sauke, su ɗora wa namu. Shekararsa goma sha shida yana saɓa buhu, har bayansa ya fara ciwo. Abokan aikinsa ne suka nuna masa haɗin da masu tiren magani ke sayarwa a tasha: ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, ka watsa a baki ka kora da shayi. Ya sha ya ji garau. Daga nan kullum sai ya sha, har fiye da shekara biyu.

A cikin shekarun nan Malam ya yi kumatu ya ajiye tumbi. Mutane suna ce masa ya samu duniya, ni ma da farko na ji daɗi. Amma ni ke wanke masa kaya, ni ke ganinsa ba riga. Hannuwansa da ƙafafunsa sai sirancewa suke, ciki na gaba. Abu kaɗan ya taɓa shi sai wurin ya yi baƙi. Ga shan ruwa kamar ba gobe.

Wata Asabar na ji ana bayani a rediyo cewa ƙwayoyin tasha suna kashe ƙoda. Ban yi shawara da kowa ba. Na zazzage aljihunsa, na ɗauko gwangwanin da yake tara su, na juye duka a masai. Da ya dawo na tare shi da kuka, na ce sai ya rantse ba zai ƙara sha ba. Ya rantse da Allah. Shi ma ya ce in yi masa alkawari Inna, mahaifiyarsa, ba za ta ji ba, don kunya yake ji a ce ɗanta ɗan ƙwaya ne. Na yi masa alkawari. Malam ba ya wasa da rantsuwa, bai ƙara taɓa ko ɗaya ba.

Satin farko kasala ce kawai da ciwon gaɓɓai. Abinci ya fita ransa. Muka ce zazzaɓi ne, mai kemis ɗin unguwarmu ya yi masa allurar maleriya uku. Babu wani sauyi.

Sati na biyu amai ya fara. In ya miƙe sai jiri ya kwashe shi, sai ya dafa bango. Na nemi izini a makaranta muka je asibitin garinmu. Tun bayan sallar asuba na je na kama layin kati, na tarar da mutanen Riko da na Bugaje har da na tsallaken boda sun riga ni. Ba mu ga likita ba sai da rana ta take. Aka ɗebi jini aka ce taifod ne da sauran maleriya, aka rubuta magunguna. Muka dawo gida da leda cike, yana sha yana amayarwa.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake kawowa. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce ta ɓuya a ciki, ta kawo saiwoyi a jiƙa. Abokin aikinsa ya ce a tsallaka da shi Maraɗi, wai allurar can ta fi ƙarfi. Yayansa, Yaya Lawal, ya zo daga Bugaje ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa masa a tasha saboda an ga ya yi jiki. Inna ta tare a gidanmu, tana tofa masa addu'a a ruwa tana ba shi da cokali. Ni kuwa ina jin kowa ina cewa to. Ko sau ɗaya ban haɗa ciwon nan da abin da na zubar ba. A ganina ma na taimake shi ne, da yana shan ƙwayar da abin ya fi haka.

Ranar Litinin ta sati na uku, da hantsi, ya fito zai kewaya sai ya zube a tsakar gida. Jikinsa ya yi sanyi, zufa na keto masa, ina kira yana amsawa can ciki. Maƙwabta suka sa shi a mota muka yi asibiti, aka ba shi gado a ɗakin maza.

A nan muka haɗu da Likita Rifkatu. 'Yar siririya ce, 'yar kudancin Kaduna, Hausarta tas sai dai in ta ji namu na Katsina takan ce a maimaita. Da Yaya Lawal ya gan ta sai ya tambayi nas ina babban likitan yake. Nas ɗin ta bayyana mana cewa cikakkiyar likita ce, ta gama karatu ta yi aiki, yanzu ta koma ƙarƙashin manyan likitoci a Katsina tana neman ƙwarewa a kan cututtukan cikin jikin manya, horon da ke cin shekaru. A cikin horon ne aka turo ta asibitinmu na wata uku. Yaya Lawal ya taɓe baki ya ce, "Ashe ɗaliba ce. Da ƙanena za a koyi aiki?"

Ta ji shi. Ba ta ɗago ba, tana ɗaura wa Malam abin awon jini ta ce, "Baba, gaskiya ka faɗa, koyo nake. Shi ya sa za ka gaji da tambayoyina."

Ta kuwa yi tambaya. Me yake ci, wane ruwa muke sha, yana tari, ya taɓa yin fitsarin jini, akwai mai irin ciwon a dangi. Tana rubutawa a wani ƙaramin littafi da ba ya barin aljihunta. Da ta zo kan, "Akwai maganin da yake sha kullum?" Inna na zaune a bakin gado. Na dubi Malam, ya lumshe ido. Na ce babu.

Likitar ta ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Aka sa masa ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana sa wata, da allurai masu ƙarfi na kashe ƙwayar cuta. Don su na sayar da tunkiyata. Jinin ya ɗan hau, da ruwan ya ƙare ya sake faɗuwa. Haka Litinin, haka Talata. Abin awon jinin guda ɗaya ne tsakanin ɗakin maza da na mata, da ƙafarta take zuwa ta ɗauko shi ta mayar, na daina ƙirga sau nawa. Ina ganinta tana tsayawa a baranda da waya a kunne tana karanto wa malaminta na Katsina abin da ta rubuta, tana cewa to, to, tana ƙara rubutu.

Ba zan ɓoye abin da ya ɓata mini rai ba. Wuta ba ta zama, zafin ɗakin kamar tanda, da marfin kwali nake yi masa fifita. Ruwan wanka sai mun sayo. Akwai wata mai shara da ta yi mini tsawa a gaban mutane don fo ɗin fitsarinsa ya zube, alhali ni kaɗai ke ɗaga namiji ƙato. Wasu gwaje-gwajen an ce ba a yi a nan sai an kai jini Katsina, hanyar kuma kowa ya san ba a binta in rana ta yi sanyi saboda rashin tsaro. Amma a ɗakin nan ne wata nas ta cire ɗankwalinta ta jiƙa ta ɗora wa Malam a goshi, ba ta san mu ba ba mu san ta ba.

Laraba da safe Yaya Lawal ya zo da mota. Ya ce kwana biyu ana ɗura ruwa babu amfani, zai kai shi wurin wani mai magani a Bugaje. Har ya fara naɗe tabarma sai ga Likita Rifkatu. Ta ce, "Baba, ba ni da ikon hana ku. Amma yadda jininsa yake, ina tsoron ba zai kai Bugaje ba. Ku ba ni zuwa azahar."

"Azahar ta yi miki mi? Kwana biyu ba ki gano ba."

"Ban gano ba," in ji ta. "Akwai abin da na tsallake, shi nake so in koma in duba."

Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Lawal, aje tabarmar nan. Ba mai tahiya da shi sai azahar."

Likitar ta ja labule ta sa na cire wa Malam riga. Wannan karon ba ƙirjinsa ta saurara ba. Fatarsa ta tsaya kallo. Ta ga wasu zane-zane masu faɗi a gefen cikinsa irin na mai juna biyu, ta taɓa wani tudun kitse a bayan wuyansa, ta kama fatar hannunsa ta ga yadda ta yi laushi kamar takarda. Sai ta ce ko ina da tsohon hotonsa. Na ciro katinsa na ƙungiyar 'yan lodi. Ta dubi siririn mutumin da ke jikin katin, ta dubi wanda ke kwance. Ta ce, "Malama, zo mu fita."

Muka tsaya a ƙarƙashin bishiyar darbejiya a bayan ɗakin. Ta ce, "Ba faɗa zan yi miki ba, kuma ba zan kai ƙarar kowa ba. Jikin mijinki yana gaya mini ya daɗe yana shan wani magani, kuma kwanan nan ya daina. In haka ne, akwai allurar da za ta iya tashe shi yau. In ba haka ba ne, ina nan ina lalube, shi kuma ba shi da lokacin. Wanne ne?"

Na tuna alkawarin da na yi masa, na tuna yadda ya zube a tsakar gida. Na ce, "Yana shan haɗin tasha. Ni na zubar. Yau kwana goma sha takwas."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Da gudu ta koma. Ta ɗebi jininsa a kwalba ta ce a ajiye don Katsina, ta kira malaminta a waya, maganarsu ba ta fi minti biyu ba. Aka duba ɗakin magani babu allurar, ta tafi da kanta ɗakin tiyata ta roƙo kwalba biyu daga ajiyarsu. Ta yi masa ta jijiya, ta ƙara ruwa mai sukari. Sannan ta ce in hau kabu-kabu in je tasha in sayo ƙulli ɗaya na ainihin wanda yake sha.

Ban taɓa shiga tashar ni kaɗai ba. Na ratsa tsakanin manyan motoci har na sami mai tiren. Na ce a ba ni irin na Haruna. Ko tambaya bai yi ba, ya ƙulla ya miƙo, har yana cewa a gaishe shi, kwana biyu. Na so in kifar da tiren, amma ba shi ya kawo ni ba.

Likita ta baje ƙwayoyin a kan takarda ta ware wata 'yar ƙarama fara. Ta ce sunanta deksa, ita ce 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. A gaban Inna da Yaya Lawal ta yi bayanin, bayan ta tambayi Malam ya ɗaga kai alamar ya yarda. Maganarta ta zauna mini har yau. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama da ke yin sinadarin da ke riƙe jini da ƙarfin jiki. In mutum ya daɗe yana shan wannan ƙwaya, sai naman ya ga ana kawo masa daga waje, ya kwanta barci. Ranar da aka yanke ƙwayar gaba ɗaya, na waje babu, na ciki bai farka ba. "Ba a tsayar da ita rana ɗaya," in ji ta. "Saukowa ake yi a hankali, kamar daga kan tsani."

Inna ta juyo gare ni. "Ke kika zubar?"

Na durƙusa na ce, "Ni ce, Inna."

"Kuma kina zaune ana tambaya kika ce babu?"

Yaya Lawal ya buɗe baki zai fara, likitar ta riga shi. Ta ce, "Mama, da ya ci gaba da sha ma kashe shi za ta yi, sukarinsa ya riga ya fara hawa. Niyyarta daidai ce, hanyar ce ba ta sani ba. Ni da na yi karatun abin, kwana biyu ina yi masa maganin ciwon da ba shi ne ba, alamun kuma suna jikinsa ban duba ba. In laifi za a raba, a ba ni nawa kason."

Inna ta dube ni ta ce, "Tashi, ƙasan nan da datti."

Azahar ta yi, Yaya Lawal bai ambaci mota ba. Kafin la'asar jinin Malam ya hau ya tsaya. Ya buɗe ido sosai ya ce yunwa yake ji, ko akwai koko. Na fita neman koko da la'asar ina kuka ina dariya, mai kokon ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Kwana tara muka ƙara a asibiti. Jinin da aka kai Katsina ya daɗe bai dawo ba, da ya dawo ya tabbatar da abin da ta faɗa. Aka mayar da shi kan ƙwaya ta asibiti mai awo, da jadawalin yadda za a riƙa ragewa. Malam ya ƙi sha da farko, ya ce ya rantse. Sai da Inna ta aika aka tambayo limamin unguwarmu, ya ce rantsuwarsa a kan ƙwayar tasha ce, maganin likita kuwa neman lafiya ne, ya sha. Daga ranar Inna ta karɓe ƙwayoyin ta ƙulle a bakin zanenta. Ba ta karatun boko, amma ta haɗa su da lokutan salla, ba ta taɓa kuskure ba.

Duk Laraba muna asibiti, ranar da Likita Rifkatu ke ganin masu dawowa. Layin bai ragu ba, zafin bai ragu ba. Wani satin a rage masa ƙwaya ya ji daidai, wani satin kasala ta dawo a mayar da shi baya. A sati na bakwai zazzaɓi ya kama shi, amai ya dawo, na ce shi ke nan an koma gidan jiya. Amma Likita ta riga ta koya mini: duk ranar da zazzaɓi ko gudawa ta kama shi a ninka maganin a zo asibiti, in yana amai kuwa kada a jira komai. Na kawo shi a kan lokaci, kwana biyu aka sallame mu. Yaya Lawal ne ya kawo mu a motarsa, kuma shi ya fara shiga yana tambayar ina Likita.

Maganar ciwon bayansa kuwa, ta gaya masa gaskiya: ya gama saɓa buhu. Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Daga baya shugaban 'yan lodi ya ba shi ɗinkin bakin buhu, aikin zaune, samunsa bai kai na da ba. Mun rage abubuwa da yawa a gida, ba mu mutu ba.

Da watanninta uku suka cika ta kira mu. Ta gabatar da mu ga wanda ya canje ta, wani likita shi ma mai neman ƙwarewa, ta karanta masa labarin Malam daga farko a gabanmu don kada a sake tambayarmu daga tushe. Ta ba Malam wani kati ya riƙa yawo da shi, mai bayanin ciwonsa da allurar da za a yi masa in ya faɗi. Ta rubuta da Turanci da Hausa, ta kuma sa wani ma'aikaci da ya yi karatu a Maraɗi ya rubuta da Faransanci a baya, saboda ta ji yakan tsallaka boda. Sannan ta nemi izininsa ta ba malamanta da 'yan uwanta masu koyo labarinsa, ba tare da suna ba, har da kwana biyun da ta ɓata.

Malam ya ce, "Likita, ki hwaɗa masu duka. Amma wurin kwana biyun nan ki rage, ai kin biya."

Ta yi dariya ta ce wurin ne ya fi amfani. Ta ce jarrabawa na jiranta, ta taɓa zama sau ɗaya ba ta haye ba, za ta sake. Inna ta kama hannunta biyu ta yi mata addu'a doguwa, ita kuma tana amsawa da amin. Na kai mata aya da dabino a leda, da ƙyar ta karɓa.

Wata tara aka ɗauka kafin a tsayar da ƙwayar gaba ɗaya, bayan gwaji ya nuna naman ya farka. Kumatun sun saɓe, sukarin ya sauka, ciwon bayan yana nan yana taɓa shi lokaci-lokaci.

Abin da nake so 'yan uwana mata su riƙe ke nan. In mijinki yana shan haɗin tasha, ya yi kumatu ƙafafu na sirancewa, kada ki zubar kamar yadda na yi. Ɗauki ƙullin, ɗauki mijin, ku je asibiti tare. In likita ya tambaye ki, faɗi gaskiya ko uwarsa na zaune. Kunyar minti ɗaya ce, ni tawa ta kusa cin rai.

Yanzu Malam yana zaune a tasha da allurar buhu a hannu, yana kallon fuskokin abokan aikinsa. Duk wanda ya ga ya fara kumbura sai ya ja shi gefe. Mutum huɗu ya kai asibiti da kansa, ya zauna da su a benci har aka kira su don kada su gudu. Saura wani Ilu, wanda ya ce shi lafiyarsa lau, ƙiba ce ta gado. Sau uku yana yi wa Malam alkawarin Laraba yana ɓacewa. Jiya Malam ya dawo yana wanke hannu ya ce mini ya riga ya yi magana da matar Ilu da kuma mai baro. Laraba mai zuwa, ko da ƙafarsa ko a cikin baro, Ilu zai ga likita.